Bututun da Amílcar Ya Hana

Deolinda ta mayar da bututun abinci cikin jakarta, ta ja zik.

Ita ce nas mai zagaya ƙauyukan yankin Alentejo tana duba marasa lafiya a gida. Ranar gidan Amílcar ta zo, tsohon manomin zaitun. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ba magana, ba haɗiya. Tun yana da lafiya ya je asibiti ya sa hannu cewa in ya kai haka, kada a zura masa bututu ta hanci. Likita ya duba takardar, ya ce a bi ta, ya shiga motarsa.

Gracinda, matar tsohon, ta shigo da kwanon miyar burodi da tafarnuwa. Ita ta riƙe Deolinda tana jaririya ran baftisma, shi ya sa take kiran ta Inna.

"'Yar nan, karatun da kika yi ke nan? Zuge jaka?"

"Shi ya hana, Inna."

"Shi wa? Mutumin da ko sunansa sai ya fito da harshe yake rubutawa? An ba shi takarda, ya dangwala hannu."

"Ni na karanta masa. Cewa ya yi shi ba talotalon Kirsimeti ba ne da za a yi wa ɗura."

Gracinda ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon a kan kujera.

"A garin nan ba a binne namiji da ciki wayam. Ran Lahadi a ƙofar coci za su ce Gracinda ta kashe mijinta da yunwa. Ke da motarki za ki tafi. Ni fa?"

Deolinda ta tsoma auduga a miyar, ta shafa wa tsohon a leɓe. Harshensa ya ɗan motsa, ya koma. Ta duba kanta ko za ta ji wani abu, ba ta ji komai ba. Ƙafafunta kawai ke ciwo. Bututun na iya ƙara masa makonni, ta sani. Ta kuma san sai an ɗaure masa lafiyayyen hannun a jikin gado don kada ya fizge.

Miyar ta huce, mai ya kwanta a kai. Gracinda ta ɗauko jakar da kanta, ta buɗe, ta ɗora mata a cinya.

"Ban taɓa roƙon ki komai ba. Sa masa."

Deolinda ta ja zik.

"Ba zan sa masa ba, Inna."