Idon Mai Agogo

Mai Agogo ya haura tamanin, amma kada ka kuskura ka ce masa tsoho. Da safe garau yake a ɗan shagonsa na gyaran agogo, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar gishiri ba. Da rana ta karkata kuwa, sai fatar idonsa ta fara saukowa, murya ta shige hanci, tauna ma ta zama aiki.

"Tsufa ne, Baba," in ji ɗansa, direba. "Kawo makullin shagon nan ka huta."

Makulli! Abin da yake tsoro ke nan a duniya. Shi ya sa duk ranar zuwa asibiti sai ya yi dabara: ya kwanta da wuri, ya ƙi taɓa komai, ya matsa a tafi da sassafe. Ya shiga da ido tar, yana tsokanar ma'aikatan jinya. Likita ta duba ba ta ga komai ba. Yamma ta yi, ido ya rufe, har dai ɗan ya karɓe makullin. Ranar tsohon ko ruwa bai sha da daɗi ba.

Ran nan za su koma asibiti, mota ta ƙi tashi, suka makara, suka tarar da layi har bakin ƙofa. Kafin a kira su rana ta yi sanyi, dabara ta ƙare.

"Baba, ban taɓa ganinka haka ba," in ji likitar.

"Kullum da yamma haka yake," in ji ɗan. "Mun ɗauka gajiya ce."

Ta sa aka kawo ƙanƙara a leda, ta ɗora masa a ido ɗan lokaci. Tana ɗagawa, sai ga ido wangale! Ta ce da alama garkuwar jikinsa ce ta rikice, tana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Gwajin jini ya tabbatar. Aka fara ba shi magani kaɗan-kaɗan saboda shekarunsa, har tauna ta dawo, ido ya daina rufewa.

Wata yamma ɗan ya zo yana sosa ƙeya, ya ajiye makullin a tafin hannunsa. Mai Agogo ya damƙe shi, ƙwalla ta cika masa ido don murna.

"Tsayuwar me kake yi?" ya ce. "Ciro agogon nan na hannunka. Tun bara yake latti, na kasa gyara maka."