Ɗan Wasan da Ke Zamewa Hagu

Nedu ya cire tsofaffin sandunan fad ɗin ɗana, ya sa masu maganaɗisu. Fad shi ne abin da ake riƙewa da hannu biyu a buga ƙwallo a talabijin. Ni ban san shi ba sai da ciwo ya kwantar da ɗan nawa, Othniel.

Ciwon jijiya ne. Da ƙafa ya fara. Mutumin da ke hawa falwaya yana ɗaura waya, ga shi sai an ɗaga shi zuwa bayan gida. Likita ya ce ciwon hawa yake yi, wata rana zai kai hannu. Na ce masa shi ba Allah ba ne.

Abokansa sun ɗauke ƙafa. 'Yan coci ma sai jefi-jefi. Ƙwallon nan kaɗai ta rage masa. In ya ci, har ihu yake yi.

Da damina 'yan wasansa suka fara zamewa hagu. Ya ce sandar da babban yatsa ke turawa ce ta cinye. Na ajiye fad a tabarma, ba wanda ya taɓa, ɗan wasa yana ta tafiya kamar ɓatacciyar akuya. Gaskiyarsa ce. Na hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari.

Nedu mai gyara ne, shagonsa bai fi kejin kaji ba. Ya ce tsohuwar sanda gogayya take yi a ciki har ta suɗe, ta maganaɗisu kuwa ba abin da ke taɓa wani.

"Wannan, Baba, har jikanka sai ya gada."

"Rage surutu, ka yi aiki."

Ya narka dalma, ya yi. Aikin ya yi kyau. Othniel ya koma ihunsa.

Kafin a yanke dawa, ɗan wasa ya sake zamewa.

"Baba, mutumin nan ya cuce ka," in ji Othniel. "Maganaɗisun bogi ya sa maka."

Ba a cuta ta. Na koma, na zazzage wa Nedu a gaban mutane. Ya jona fad a kwamfuta, wani ɗigo ya fito tsakiyar allo ya tsaya cak.

"Ka gani, Baba? Ko motsi."

"Injinka maƙaryaci ne."

"To. Wa ke bugawa da shi?"

Na ɗauki kayana na fita.

A gida na miƙa wa Othniel, na ce an gyara. Na zauna gefensa. Ban kalli talabijin ba, hannunsa na kalla. Babban yatsan hagu yana kan sanda, yana sulalewa a hankali. Ya dawo da shi, ya sake sulalewa. Shi idonsa na kan ƙwallo, yana zagin Nedu.

Keziya, matarsa, ta tare ni a bakin madafa.

"Baba, cokali ma faɗuwa yake yi daga hannunsa. Cewa yake santsin miya ne. Mu faɗa masa, mu koma asibiti."

"Su yi masa me?"

Ta juya ta koma kan tukunyarta.

"To ki riƙe bakinki."

Daga ɗaki Othniel ya ɗaga murya: "Baba, gobe ka mayar masa! Ka ce ya ji tsoron Allah!"

Na mayar. Na jira shagon ya watse. Ban taɓa roƙon yaro ba, ranar na cire hula.

"Ka ɓata shi," na ce. "Kaɗan. Yadda in an ajiye shi a tabarma zai riƙa tafiya da kansa, mai shi ya gani da idonsa."

Nedu ya ajiye ƙarfen dalma.

"Haba Baba. In ya gani fa?"

"Sai ya ci gaba da zaginka. Zaginka ya fi masa sauƙi."

"Wata nawa zai yi yana zagina? In fad ɗin ya faɗi daga hannunsa, me za ka kawo in ɓata?"

"Ba shawara na zo nema ba. Ɗana ne."

Ya naɗe wayar a jikin fad, ya turo mini shi ta kan tebur.

"Ba zan ɓata ba, Baba."