Takardar Ɗan Fari

Madam Badi'a ta turo masa takardar ta ƙarƙashin gilashin taga, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Wuringa ubanka za ya sa hannu, nan gabana. Shekarunka nawa kac ce?"

"Sha tara," in ji Nasiru.

"To ka gani. Ƙuri'a kana iya sakawa, amma ga doka ba ka mallaki kanka ba sai ka cika ashirin da ɗaya. Taho da shi, ku zo da takardar haihuwa."

Nasiru ya fito daga ma'aikatar magajin garin Konni ransa a ɓace. Takardar ta Mamadu ce, mai motocin ɗaukar siminti a Malbaza, wanda ya yarda ya ɗauke shi koyon tuƙi, da ɗakin kwana a gareji. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a buga wa takardar hatimi, Nasiru ya same shi a tasha bayan la'asar. In bai zo ba, masu son gurbin suna da yawa.

Uban Nasiru, Alhaji Abarshi, yana da shagon kayan babur a bakin tasha. Mutum ne da bai ga bambanci tsakanin ɗansa da kantar shagonsa ba, duka biyun nasa ne, kuma ba a taɓa jin kanta ta nemi tafiya ba. Shekara bakwai ke nan, tun da ya cire shi daga lakwal, wato makarantar boko, Nasiru yake tsaye yana miƙa fulogi da sarƙa, yana shan zagi a gaban masu saye. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Alhaji ya saurare shi yana sakace haƙori.

"Karen mota? Ɗan Abarshi? Don uwaka, mi ka rasa gidanga?"

"Baba, sana'a nika so, tawa ta kaina."

"Taka ta kanka! Kan naka ma wa ya ba ka shi?"

Masu gyaran babur na gefe suka bar aiki suka zuba ido. Nasiru ya ce ko da hannu ko ba hannu sai ya tafi. Nan Alhaji ya miƙe. Ya rantse in ƙafar yaron ta wuce shingen garin, da 'yan sandan jandarma za a dawo da shi. Da Nasiru ya yi suɓul da baka ya faɗi abin da madam ta ce game da ashirin da ɗaya, sai fuskar Alhaji ta washe. Ashe ma gwamnati tana bayansa! Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar sunan autarsa, ya biya gida ya buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, ya zaro wata tsohuwar takarda cikin leda.

"Mu tahi. Gaban hukuma za a gaya maka kai yaro na."

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Alhaji bai iya karatun boko ba, kuma fushi ya hana shi tuna wace takarda ce a hannunsa.

Madam Badi'a ta warware ta a hankali don kada ta yage.

"Wane ne Abdulhamid Abarshi?"

"Ni ne," in ji Nasiru. "Sunana na lakwal." Haka ya ɗauka tun yana ƙarami, don rabin 'yan ajinsu sunan gida daban, na rajista daban.

Ta duba takardar, ta duba kalandar da ke bango.

"To mi ya kawo ku? Wanga ya cika ashirin da ɗaya tun watan jiya. Ba ya bukatar hannun kowa."

"Ƙarya ne!" Alhaji ya bugi katakon taga. "Sha tara garai! Ni na haihe shi!"

"Alhaji, takarda ka magana nan, ba kai ba."

"Wagga takarda ba tashi ba ce, ta wansa ce da ya..."

Madam ta cire tabarau ta ajiye.

"Ida maganarka, Alhaji. Kana nuhin takardar wani ka kai ma lakwal, yau kuma ka kawo ma hukuma? In haka ne, sai in kira a rubuta, kotu ta ji."

Nasiru ya dubi ubansa, ya ga gumi yana bin gefen hularsa, sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya san an yi wani yaro kafin shi, wanda ƙyanda ta ɗauke tun ba a yaye shi ba. Bai taɓa jin sunansa ba, don ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, rasuwa kuma ta ƙara rufe bakin kowa. Shi Nasiru a ƙauyen Bazaga aka haife shi, gidan kakanni, da damina, ba wanda ya je ya yi masa takarda. Da lokacin lakwal ya zo, neman sabuwa sai an je kotu da shaidu, a bar shago kwana da kwanaki. Ga ta mamaci kuwa a akwati, ba ta aikin komai.

"Tashi ce," in ji Alhaji.

Hatimi ya sauka a kan takardar Mamadu, tim.

A waje Alhaji ya jefa masa ledar a ƙirji.

"Riƙe. Abdulhamid ni na gina mai rami da hannuna. Wanda ka tahiya Malbaza ban san shi ba, kuma kada ya tako min ƙohwa."

Ya hau babur ya bar shi tsaye.

Nasiru ya tarar da uwarsa, Delu, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Labari ya riga shi isowa. Ya haɗa kayansa a jaka, ya zo ya durƙusa.

"Inna, ashe Abdul..."

"Kul!" Ta ɗaga hannu, idonta ya yi ja. "Kada ka hwaɗi shi gidanga. Shekara goma sha ukku ina roƙon ubanka ya maida takardar nan inda ya ɗauko ta. Shi ya sata don ƙyuya, kai ka sata don gudu. Ba ku bar shi ya kwanta ba."

"Ban sani ba, Inna."

"Yanzu ka sani, kuma ga jakka ga kahwaɗarka."

Ya jira ta sa masa albarka. Ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana zubar da mai kyau tare da tsakuwa.

A tasha an riga an tayar da motar Mamadu, hayaƙi yana tashi. Daga nan ana hango shagon Alhaji, a buɗe, mai shi ya juya wa titi baya. Mamadu ya karɓi takardun, ya duba hatimi, ya rubuta suna a littafin ma'aikata, sannan ya zagaya duba tayoyi. Can ya ɗaga murya daga bayan mota.

"Abdulhamid! Kawo jak!"

Nasiru ya waiga bayansa. Ba kowa.

"Kai, Abdulhamid! Kurma ne?"

"Na'am," ya ce, ya ajiye jakarsa.