Akuyar Mercy

…kuma a gaban kowa fa aka faɗa! A ƙofar coci, matan zumunta sun cika, Maman Edward ta dafa kan Mercy ta ce duk Maikunkele babu yarinya mai natsuwa irin wannan. Alisabatu tana daka sakwara tana murmushi ita kaɗai. Tim. Tim. Yarinyar da bara ta fita gaba tana tiƙar rawa fasto na tsakiyar wa'azi — yau ga ta zaune tsit kamar baƙuwa. Shekara huɗu, hankalin manya! Kai, Allah abin godiya.

Doyar nan ta yi, sai danƙo take, ta gonar surukinta Baba Shekwolo ce. Miyar agushi na kan wuta, mijinta Gideon ya tafi ɗauko Baban a mashin… gishiri — ta sa gishiri kuwa? Ta sa.

To wai Anti Rabi'atu, malamar su Mercy, me take nufi? Wai, "Maman Mercy, akwai likitan da ke zama da yara, ya yi wasa da su ya saurare su, ko za ku gwada?" Likitan ƙwaƙwalwa! 'Yar Alisabatu! A ranar, da ƙyar ta danne bakinta. Yarinya na ɓarna a yi ƙorafi, ta daina a ce asibiti. Mutane dai ba a iya musu.

Tim. Tim.

Biskit… saura kaɗan ta saki taɓarya don dariya. Wa ke sa wa akuya suna Biskit in ba Mercy ba? Baba ne ya kawo ta daga ƙauye tana 'yar mitsitsiya, ya danƙa wa jikarsa igiya ya ce, taki ce. Haka ake wa kowane yaro, ita ma Alisabatu an yi mata da kaza — wa bai san "taki ce" ɗin nan iyakarsa Kirsimeti ba? Yarinya da akuya su raba biskit, Mercy ta ɗaura mata ɗankwali, ta koya mata waƙar makaranta. Baba in ya zo sai ya shafa bayan akuyar, madalla, ta yi ƙiba, ta isa yanka. Ya juyo ya ja kumatun Mercy, wasan kaka da jika: ke ma kin yi ƙiba, amaryata, saura ke! A yi ta shewa.

Ran yankan ashe Mercy na laɓe bayan tankin ruwa. Ba ta yi kuka ba, ko ɗigo. Har Gideon na cewa jarumar babanta.

Fitsarin kwance ya dawo — to, ai lokacin sanyi ne. Amma yanzu damina ta yi nisa, ga sabuwar doya a turmi… Yara su zo kiranta wasa, ta maƙale bayan ƙofa. Maganin tsutsar ciki an ba ta, na ƙarin jini an ba ta, addu'a an yi. Rigar Kirsimetin da ta matse ta, ita ta sa yau da safe, har da sauran wuri. Tsawo take yi, shi ya sa. Tsawo ne, ko?

Ga ƙarar mashin. "Ina amaryata?" Baba tun daga ƙofar gida. Alisabatu ta mulmula 'yar sakwara mai laushi ta sa a kwanon Mercy, ta ɗago —

Mercy tsaye jikin bango. Tana tura kwanon da ƙafa, a hankali, can ƙarƙashin benci. Ta janye cikinta, ta tsotse kumatunta, ta riƙe numfashi, idonta ƙur a kan hannun Baba.

Ta yi ƙiba, ta isa…

Wayyo Allah. Ba natsuwa ba ce. Tsoro ne. Tun Kirsimeti yarinyar nan take wannan aikin ita kaɗai, su suna tafa mata a coci?

In ta rungume ta ta ce wasa ne — za ta yarda? Ai "taki ce" ma an ce mata. Lambar Anti Rabi'atu na cikin waya, wayar na ɗaki… ana kiran malama ran Lahadi? Me za ta ce wa Gideon? Baba na dariya, ya miƙo hannu zai ja kumatu, miya na zuba a wuta, ita kuwa sakwara maƙale a yatsunta, tana hucewa…