Muryata a Kan Rigar Mai Gaishe-gaishe

Jiya da dare wani mafarki na yi, irin wanda in ka ba da labarinsa sai a tambaye ka me ka ci kafin ka kwanta.

Bari dai in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai. Ina da gidan rediyo a ɗakina na zaure. Kada wanda ya yi dariya. Da hannuna na haɗa shi, da tsohuwar caja da gwangwanin madara da gora ɗaya da na kafa a kan rufi, kuma yana kaiwa har bakin famfon unguwa. Dabarata ita ce na zauna daf da lambar babbar tashar jiha, yadda in hannun mutum ya goce kaɗan wajen murɗawa sai ya faɗo wurina. To kakata Iya Dudu tana da ƙane a Garwa, Kawu Ilu, rabonta da shi tun ba a haife ni ba. Ya aiko direba ya ce zai gaishe ta a filin gaishe-gaishe na safiyar Juma'a. Iya ta ce gaisuwar waya ba gaisuwa ba ce, ta rediyo ce kowa ke ji. Ta kuma ce in surutuna ya sake hawa kan shirin nan, gorata ta zama ta shanya.

Sai ga ni a wata tashar mota da ba mota ko ɗaya. Ruwan sama na fitowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya taka lemarsa ya tsaya a kai. A tsakiya akwai benci, dogo, daga gabas har yamma, muryoyin gidajen rediyo duk suna zaune a kai, kowace a lambarta. Muryar tashar jiha wani ƙaton mutum ne cikin babbar riga, ba fuska, baki ne kawai da hula. A kan gefen rigarsa kuwa ga muryata, ba ta fi ɗan tsako ba, ta sa wandona ta ɗora ƙafa kan ƙafa. Duk lokacin da bawan Allah ya buɗe baki zai yi sallama, sai ta ce ina 'yan lungu. Abin da ke fita tsakaninsu kamar ana suyar ƙosai.

Na yi kamar ban san ta ba. Ta ɗago mini hannu.

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni a ofis. Daraktan Iska bunsuru ne da tabarau, sakatariyarsa akuya tana tauna wayar wuta a hankali. Ya tambaye ni ko ni ne mai 'yar muryar nan. Na ce ranka ya daɗe, ai ba ta da wani ƙarfi, famfo ma da ƙyar take kaiwa, ina ita ina damun mai babbar riga. Bai yi musu ba. Ya sa aka buɗe taga, wani jaki can bayan dutse ya fara kuka, shi kuma ya matso ya raɗa mini sunana a kunne.

"Wanne ka ji?"

"Naka, ranka ya daɗe. Har da ƙamshin."

Ya ce to haka rediyon Iya yake ji. Tashar jiha tana bayan dutse, tawa tana kan rufinta. Hukunci biyu ne: in rage gorar, in kuma ɗauki muryata in kai ta can ƙarshen benci inda ba kowa. Na ce ai can ba mai saurare. Ya ce shi ya sa akwai wurin zama.

Sai ga ni a kan rufin gidanmu. Gorar ta yi ganye ta huda gajimare. Daga gabas gaisuwar Kawu Ilu ta taho, zabuwa ce da 'yar jar hula, ta gaji tiƙis, ta zo ta maƙale a can ƙoli. Iya na zaune cikin turmi tana tuƙa shi da muciya a kan iska, ta buɗe rediyonta kamar ƙwarya don zabuwar ta sauka a ciki.

"Maigida, ka sauke sandar nan ko a raba auren yau."

"Haba amarya, wa zai kwashe ki in na sake ki?"

Ta ce in bar wasa, bunsurun nan ma ya ce a rage ta.

Na kama gorar da zarto, ina yanka tana ƙara tsawo, ruwan da ke tashi yana ba ta sha ta ƙasa. Iya ta ce in bar wahalar da kaina, surutuna take ci. Na gwada yin ƙasa da murya, ta ragu kamu ɗaya. Na yi shiru gaba ɗaya, ta fara saukowa kamar ana naɗe tabarma. Jama'a, shiru ciwo ne. Maganganu suka taru mini a kumatu har kunnuwana suka fara motsi, amma na daure, don na ga Iya ta miƙa rediyon sama tana jiran zabuwar.

Zabuwar ta kuɓuta tana shawagi, saura benci. Na ruga na kama muryata ta kunne, tana ihu wai nan ne kasuwa take. Na wuce da ita masu wa'azi, na wuce masu tallan maganin basir, na wuce masu ƙwallo, har ƙarshe inda ba kowa sai wani kunkuru da ke sayar da shayi. Na ajiye ta. Kunkurun ya ce daman yana neman abin saurare.

Mai babbar riga ya karkaɗe gefen rigarsa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya. Zabuwa ta daidaita kan ƙwaryar Iya. Ya ce sai kuma gaisuwa daga Garwa, zuwa ga... ya buɗe baki, sai minshari. Dogo, mai hawa da gangara, har da ɗan fito a ƙarshe. Duk bencin ya juyo yana kallona. Bunsuru ya cire tabarau.

Tas. Tas. Tas.

Na buɗe ido, rana ta shigo zaure. Iya ce a tsakar gida take marin rediyonta da tafin hannu. Makirufo na ƙarƙashin kumatuna, 'yar jar wutar tashata tana ci. Ina jin Iya tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa tun asuba rediyon ke minshari, kuma ta san mai shi, ita ta goya shi.

Na fizge wayar daga soket. Suyar ƙosai ta tsaya. Murya ta fito fes, tana cewa Ilu na Garwa yana gaida yayarsa Dudu, ya ce yana nan da rai.

Iya ta ƙure ƙarar rediyon. Har 'yan bayan famfo sai da suka ji, inda tashata ba ta taɓa kaiwa ba.