Ɗakunan Malam Labo

Mero na tsaye kan kujera tana ɗaura labule a gidan Malam Labo sai wayarta ta yi ƙara.

Mako uku ke nan tana shirya zuwan dangin ango. Ita ce yayar amarya, ita aka ɗora wa baƙin Abuja, su goma sha huɗu. Ta rubuta musu komai: su taso da sassafe, su biyo ta Zariya da Funtua, kada yamma ta same su kafin Malumfashi. Masauki kuwa, a unguwar nan maƙwabci ke bayarwa, ba a ma roƙa. Malam Labo ya kwashe buhunan masararsa daga ɗakuna biyu, ya jibge su a tsakar gida ya rufa tamfol, alhali ruwa bai gama ɗaukewa ba. Da kansa ya shafe bangon da farar ƙasa, duk da ciwon bayansa.

Mai kiran Hajiya Aisha Humaira ce, gwaggon ango.

"Mero, mun ga hotunan ɗakunan. Allah ya saka. Amma mun kama otal a Funtua."

"Funtua, Hajiya? Ai an gama gyara muku nan."

"'Yata, ɗakin hatsi ne fa. Har sikeli na hango a lungu. Yaranmu ba su saba ba. Abincin dai a riƙa kawo mana can. Ban da tuwo."

Wayar ta katse. Mero ta sauko daga kujerar, ta dubi sikelin, ta dubi sababbin tabarmi da katifun da aka aro daga gida huɗu. Gobe ɗaurin aure. A unguwar nan, wanda ya share ɗaki baƙo ya ƙi kwana, har shekara ana nuna gidansa.

Ta koma gida ta sami mahaifiyarta a bakin murhu.

"Inna, wai ɗakin hatsi! Hatsin da suke aiko mota ta ɗibar musu duk kaka!"

"Rage murya. Wa zai gaya wa Malam?"

Mero ta buɗe takardar da ta jera sunayen baƙi. A ƙasan shafi ta ga rubutun hannunta: Gwaggo Tsohuwa da mutanen Mahuta, su sha biyu, rumfar bayan gida. Danginsu ne na ƙauye, ita ta ajiye su can, kusa da turken awaki, don 'yan Abuja su sami ɗaki. Babu wanda ya tura musu hoto. Babu wanda ya tambaye su ko sun saba.

Ta soke layin da biro.

Da la'asar motar Mahuta ta iso, da ƙullin kaya da zakaru biyu. Mero ta wuce da su kai tsaye gidan Malam Labo. Ta same shi ya sa babbar riga, turaren wuta na tashi a zaure.

Ya dubi matan, ya dubi zakarun.

"Su ne 'yan Abujar?"

"'Yan Mahuta ne, Baba. Waɗancan sun sauka Funtua."

Idonsa ya kai kan tamfol ɗin, ya dawo kan Gwaggo Tsohuwa, wadda ta riga ta cire takalmi tana shafa bangon.

"Kai, wa ya yi wannan aiki? Allah ya yi masa albarka!"

Malam Labo ya gyara hularsa, ya leƙa cikin gida ya kira matarsa.

"Rabi, ƙara gari a tukunyar nan. Masu cin tuwo ne suka zo."