Duman Kada a Bayan Katanga

Lauratu na durƙushe cikin tumatir tana fizgar duman kada, sai ta ji akuyar maƙwabciyarta Dassin ta yi wani kuka wanda ba na yunwa ba.

Tun da kamfanin haƙar ma'adinai na nan Arlit ya sallami mijinta, 'yar garkar nan ta bayan ɗaki ce ke ciyar da gidan. Shi kuwa duman kada babu wanda ya gayyace shi. Cikin irin da aka aiko mata daga kudu ya biyo, ya sami ruwan wanke-wanke, ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa. Ka tuge shi yau, jibi ya yi maka fure. Kwana huɗu ke nan tana tugewa tana wurgawa bayan katanga, yadda ake yi a garinsu Maradi, inda ko ɗan akuya ya san ba a cinsa.

Ta zagaya bayan katangar. Akuyar na tangaɗi, kai na rawa, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Tarin ganyen da ta wurga kuwa saura kara. Awakin Arlit a wannan fari kwali suke ci, ina suka san akwai koren da ake gudu?

Dassin Ba'abziniya ce. Mijinta ya ɓace tun farkon tawayen Abzinawa, kuma babu mai tambayar ta ina ya bi. Nonon akuyar nan ne abincin 'yarta Mina.

"Ruwa ne, Lauratu," in ji Dassin. "Kullum ana faɗi ruwan pampo akwai guba. Ga shi ya fara da akuya. Tun asuba ban ba yarinya ko ɗigo ba. La'asar akwai kamyo, babbar motar kaya, Agadez za mu tafi."

"Ta hanyar da ake binne nakiya?"

"To in zauna ta mutu a hannuna?"

Lauratu ta juya. Ta koma gida da sauri, ta kwashe ragowar duman ta tura cikin buhu. Tsoro ya cika ta. A irin wannan zamani 'yar kudu ta kashe akuyar mutanen Abzin? Wa ya san su wa ke zuwa wa Dassin gaisuwa daga duwatsu? In ta yi shiru, laifi ya hau kan pampo, pampo kuwa ba a ƙona masa ɗaki.

Rana ta take. Ta bayan katanga kukan Mina ya fara dushewa, ya koma wani ɗan nishi a bushe. Wannan ya fi kukan tsoratar da ita.

Ta jawo reshe ɗaya daga buhun, da furensa da komai, ta shiga gidan Dassin ba sallama. Dassin na ɗaure kaya.

"Wannan ta ci. Guba ne ga dabba. Ni na zubar da shi a bayan katanga."

Dassin ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba ruwa ba ne?"

"Wallahi ba ruwa ba ne. Ni ce."

Dassin ta saki kayan. Ta ture ta gefe, ta nufi randa da gudu, ta ɗebo moɗa cike ta kafa wa Mina a baki.